Rigar da Khaulah Ta Dawo da Ita

Kwana huɗu da dawowar Khaulah hutu daga Amurka, uwarta Bashira ta gaji da tsallake akwati a tsakar ɗaki, ta durƙusa ta fara kwashe kayan da kanta. Yarinyar ta raka babanta shan shayi a shagon mamak, mai shayin Indiyawa, da ke ƙasan benensu a unguwar Sentul, kuma ko tana nan ma ba kwashewa za ta yi ba. Tun tana firamare Khaulah irin mutanen nan ce da za su yi wata guda suna zaro riga daga akwati ba tare da abin ya dame su ba. Bashira na ninkewa tana mita ita kaɗai, har hannunta ya kai can ƙasa, ya taɓo wani abu mai kauri da aka juya cikinsa waje aka naɗe tam.

Rigar sanyi ce, ruwan goro da fari. A ƙirjinta an ɗinka manyan haruffa uku, ba na boko ba, ba na Larabci ba, ɗaya ma sak cokali mai yatsu. A hannun riga an sa lamba bakwai. A baya kuwa, inda ya kamata a ga sunan mai riga, an rubuta COMPASS.

Bashira ba jahila ba ce. Ta yi shekara shida tana koyar da Turanci a wata firamare a Kano kafin mijinta Dakta Ado ya samu gurbin ƙaro karatu ya kwaso su zuwa Kuala Lumpur, ya gama, ya kuma zauna koyarwa, yau shekara goma sha biyu ke nan. Ta san ma'anar kalmar, abin nuna gabas da yamma ne. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda aka yi 'yar da aka yanka wa rago aka raɗa mata Khaulah ta koma yawo da wani suna a gadon bayanta. Nan take ta tuna wajajen azumin da ya wuce, mako shida cur da yarinyar ta rage kira, in ta kira ma minti biyu ne, murya a dashe, ta ce karatu ya yi zafi. A lokacin Bashira ta yarda. Yanzu da rigar a cinyarta sai ta ji ruwa ba ya tsami banza.

Da suka dawo, ta bari uban ya shiga wanka, sannan ta shimfiɗa rigar a kan kujera.

"Wannan fa?"

Khaulah ta ɗan yi turus, sannan ta yi murmushi. "Oh. Sorority ce kawai lah, Umma."

"Da Hausa na tambaye ki."

Hausar Khaulah ta 'yan ƙasar waje ce, sai ta tsaya ta lalubo kalma kafin ta ajiye. "Ƙungiya ce ta 'yan mata a makaranta. Muna taimakon juna, muna koyar da yara karatu ran Asabar. Kin san fraternity? To irinta ce, amma ta mata."

Da yarinyar ta san abin da kalmar nan ke yi wa kunnen duk wanda ya san jami'o'in Najeriya, da ta haɗiye abarta. Ita a makarantarsu, jami'ar da baƙaƙen Amurka suka gina wa kansu tun zamanin da Turawa ba sa yarda su haɗa aji da su, shiga irin wannan ƙungiya abin tunƙaho ne. Kaka ta shiga, uwa ta shiga, jika ta zo ta gada, har tsofaffi da sanda suna zuwa bikin shekara sanye da launin ƙungiyarsu. Amma a inda Bashira ta fito, abu ɗaya tak ake kira da sunan nan: ƙungiyar asiri, ta masu shiga daji su yi rantsuwa, su fito suna saran juna da gatari a ɗakunan kwanan ɗalibai.

Kuma Bashira ba a jarida ta karanta ba. Ƙaninta Muttaka, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi karatu wata jami'a a kudu, ya dawo hutun farko da wata hula ta daban da ɗan tabo a kafaɗa. Ta tambaye shi, ya yi dariya ya ce, ƙungiyar taimakon juna ce, Yaya. A shekara ta uku aka kawo gawarsa a bayan a-kori-kura. Dangi suka haɗa baki a kan cewa haɗarin mota ne, kuma haka aka gaya wa Khaulah da ta girma ta tambayi wane ne a hoton da ke jakar uwarta.

Bashira ta ce, "To," ta shiga kicin, ta ɗora ruwan da ba ta san abin da za ta dafa da shi ba.

Daga ranar ta zama kunne. Gidan nasu da ke hawa na sha huɗu ba shi da wani faɗi, bangon ma in an yi tari a ɗaki ana ji a falo. Washegari da hantsi tana shanya a baranda ta ji wayar Khaulah ta yi ƙara, yarinyar ta ɗauka, maimakon sallama sai ta saki wani siririn kuka mai kama da guɗa, daga can cikin wayar wasu muryoyi suka amsa mata da irinsa, suka kwashe da dariya. Bashira ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Turancin nasu da sauri yake, ba ta kama duka ba, amma ta kama abin da ya ishe ta. Ta ji 'yarta ta ce, "since we crossed." Ta kuma ji ta sake faɗa, "the day I crossed."

Kuros. Tsohuwar malamar Turanci ba ta bukatar ƙamus a nan, ko don haka take gani. Kuros gicciye ne, wanda ake ratayawa a wuya, wanda ake kafawa a kan coci. Ta jingina da ƙarfen baranda.

Ta kai wa Dakta Ado maganar bayan la'asar, yana duba takardun ɗalibai. Dakta mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da ke ƙona ran matar gida. Ya saurara, ya cire tabarau, ya ce shi ya san da ƙungiyar, yarinyar ta gaya masa tun bara, ya ɗan bincika bai ga abin tashin hankali ba.

"Ta gaya maka," in ji Bashira. "Ni ba ta gaya min ba."

"Ta ce za ki tayar da hankalinki. Ga shi kuwa."

"Abban Khaulah, ka manta Muttaka?"

"Ban manta ba. Amma can daban, nan daban. Ki zaunar da ita ki tambaye ta mana, ai 'yarki ce."

Ki tambaye ta. Ai ta taɓa tambayar wani, ya amsa mata da dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma ba a yi masa wa'azi a kan bambancin tsumma da maciji yana tsakiyar gudu. Ran Talata da safe, Khaulah na wanka, Bashira ta buɗe ƙaramar jakarta ta zare fasfo, ta hau kujera ta jefa shi cikin babbar tukunyar da ba a saukewa sai ran taro, ta mayar da murfi. Jirgin komawa ran Asabar ta sama ne, saura kwana goma sha ɗaya. Ta ƙudurta a ranta cewa in ba ta ga ƙarshen maganar nan ba, jirgin zai tashi da kujera ɗaya babu kowa.

Da ta tsaya nan da da sauƙi. Amma ciki da aka ce ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na Bashira ya cika har wuya, kuma ran Laraba ce aka sa za su je Jalan Masjid India ita da Hajiya Zuhra su ɗauko yadin anko. Hajiya Zuhra ita ce shugabar ƙungiyar matan Arewa da ke birnin, matan ɗalibai da na malamai su wajen sittin, masu taron wata-wata da anko da dokar cewa abin da aka tattauna a taro ba ya fita waje. Dokar ta fi kowace doka shan karya, kuma yawanci daga bakin shugaba take fara karyewa. Sauda, matar wani ɗalibi, ta haihu, an ɗage walimar suna zuwa Lahadi don maza su samu zuwa, shi ne ake neman yadi.

Suka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Masjid Jamek, suka kutsa cikin layin masu yadi, zafi na dukan ka, masu shago na kiran su da "Kak, Kak, mari tengok," wato Yaya, zo ki gani. A shago na uku, Hajiya na murza wani leshi tsakanin yatsu, Bashira ta yi gyaran murya.

"Hajiya, wata ƙawata ce a Kano ta kira ni. Wai 'yarta da ke karatu a waje ta dawo da wata riga mai haruffa, da lamba, da wani suna a baya."

Hajiya Zuhra ba ta ɗago ba. Matan da ke da 'ya a Amurka a duk faɗin ƙungiyar mutum ɗaya ce, kuma tana tsaye kusa da ita tana share gumi.

"Allah sarki. Wane suna ne a bayan?"

"Wai Compass."

Sai a nan Hajiya ta saki leshin. Ta ja Bashira gefe, bayan tulin bandiran atamfa, ta rage murya. Ta ce ai kamfas alama ce ta manyan 'yan asirin duniya, ta gani a wani bidiyo da aka turo mata, su ne ke juya shugabanni. Ta tambayi lambar, aka ce bakwai, ta girgiza kai ta ce bakwai kuwa ba ƙaramar lamba ba ce a wurinsu. Da Bashira ta kawo maganar kuros, Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati a hankali. Duk abin da aka miƙa mata sai ta juya shi ta samo masa mazauni, kamar dai ta daɗe da ɗinka rigar tana jiran mai sawa.

"Ki gaya wa ƙawar taki ta tashi tsaye," in ji ta. "Kuma Maman Khaulah, maganar nan daga ni sai ke."

Kafin su kai tashar jirgi Bashira ta fara nadama. Kafin magariba Hajiya ta sa 'yarta ta binciko mata shafin makarantar, ta turo wa Bashira wani bidiyo ba tare da ko kalma ɗaya ba.

Bashira ta kulle kanta a banɗaki ta kalla. Wani fili ne cike da ɗalibai ana ihu. 'Yan mata bakwai suka shigo a jere, kowace ta manna ƙirjinta da bayan ta gabanta, fuskokinsu a rufe da baƙin ƙyalle, suna tafiya taku ɗaya kamar jiki guda. Suka tsaya, suka shiga buga ƙafa a ƙasa da tafa cinya, suna rera wasu kalmomi da ƙarfi. Sai aka fara yaye musu fuska ɗaya bayan ɗaya, kowace aka yaye sai fili ya ɗauki sowa. Ta ƙarshe, mafi tsayi, da ɗankwalinta naɗe har wuya a ƙarƙashin ƙyallen, ko ba a yaye ba Bashira ta san kafaɗun nan. Da aka yaye, Khaulah ta ɗaga kai ta faɗi wani abu da muryar da uwarta ba ta taɓa jin ta da ita ba, fuskarta na walƙiya da farin ciki. Wannan farin cikin ya fi komai ba Bashira tsoro, ya kuma ba ta haushi, don ba ta tuna ranar da ta ga irinsa a cikin gidanta ba.

Ran Lahadi aka yi walima a zauren taro na benen su Sauda, kusa da Kampung Baru. Mata sun sha anko, an jera tuwon shinkafa da miyar kuka gefe guda, nasi lemak, shinkafar kwakwa ta 'yan ƙasar, gefe guda don yaran da aka haifa a nan, waɗanda in ka ba su tuwo sai su tambaye ka cokali. Khaulah ta shigo bayan uwarta da fara'arta, ta durƙusa ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya. Aka amsa mata, amma amsar a taƙaice, kowa na kallon hannayenta da wuyanta. 'Yan matan da suka taso tare, waɗanda bara suka yi mata rakiya har filin jirgi, yau kowace uwarta ta samo mata aiki a wani lungu. Bashira na gani, tana kuma gane cewa maganar daga ni sai ke ta zaga zauren nan tun kafin a dafa shinkafa.

Khaulah ba ta lura da wuri ba. Ta je inda mai jego take, ta ce, "Anti Sauda, kawo ta in gani, so cute," ta karɓi jaririyar ta rungume. Sauda ta yi murmushin yaƙe, ta kalli Hajiya Zuhra, ta ƙirga kamar numfashi uku, sannan ta miƙo hannu ta ce yarinyar na jin yunwa. Jaririyar kuwa barcinta take. Da ta karɓe ta, ta juya baya kaɗan, leɓɓanta na motsi, ta tofa mata addu'a a ka.

Khaulah ta tsaya da hannuwanta a buɗe yadda aka bar su. Ta dubi Sauda, ta dubi matan da suka yi shiru, sannan ta juyo ta dubi uwarta. Bashira ta sunkuyar da kai tana gyara cokulan da ba su bukatar gyara.

Suka hau jirgin ƙasa suka koma gida. Suna shiga falo, ruwan la'asar ya tsuge, Dakta bai dawo daga wajen maza ba. Khaulah ta ajiye mayafi, ta ɗauko wayarta ta danna, muryar kakarta ta fito daga Kano, tana kuka tana cewa a gaya mata gaskiya, wai an ce jikarta ta bar addini ta shiga 'yan shan jini, wai har an canja mata suna.

"Tun da safe ta turo," in ji Khaulah. "Na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Umma, wa ya faɗa?"

Bashira ta zauna. Ta so ta ce ba ta sani ba, amma ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Na ji ki da kunnena kina cewa kin yi kuros."

"Na yi me?"

"The day I crossed. Haka kika ce."

Khaulah ta buɗe baki, ta rufe. Dariya ta so zuwa, ta fasa a hanya. "Tsallakawa, Umma. Cross, kamar tsallaka titi. Ranar da aka gama koya mana aka karɓe mu, ana cewa mun tsallaka. Ke fa kika koya min Turanci."

Kunya ta kama Bashira, amma kunya ba ta kashe zargi, sai dai ta sa shi ya sake shiri. "Sunan fa? Da lambar?"

"Mu bakwai ne, ana jera mu da tsayi, ni ce doguwa. Sunan kuma su suka sa min, tsokana ce. Lokacin azumi ne, kullum muna koyon taku bayan darasi, in lokacin salla ya yi sai in fito da waya ina juyawa ina neman alƙibla. Shi ne suke ce min Compass." Ta ɗan tsaya tana neman Hausar. "Babu wurin salla a filin. Su shida sai su tsaya a jere su ba ni baya, su tare ni daga mutane, in yi sallata. Ba Musulma ko ɗaya a cikinsu. Monique, ta farko a layi, da dabino take yawo a aljihu saboda ni. Shekarar farko a makarantar nan ni kaɗai nake buɗa baki a ɗaki, Umma, ina kuka. Ban gaya miki ba don kada ki ce in dawo."

Maganar ta shiga Bashira. Sai dai akwai sauran abu guda, kuma shi ne babba.

"Kafin a fito da ku filin nan fuska a rufe, an kai ku wani ɗaki."

Khaulah ta kawar da kai.

"An kai ku ko ba a kai ku ba?"

"An kai mu."

"Kin yi sujada ga wani abu?"

"A'a."

"An ba ki wani abu kin sha? An tsaga ki?"

Khaulah ta naɗe hannayen rigarta har kafaɗa, ta miƙa mata. Bashira ba ta ji nauyin dubawa ba, ta kama ta juya, ta duba dama, ta duba hagu. Babu komai sai tabon allurar rigakafi.

"To me aka yi a ɗakin?"

"Ba zan iya faɗa ba. Na yi alkawari."

"Ni uwarki?"

"Ko Abba ban gaya wa ba. Wallahi babu shirka, babu abin da zan ji kunyar Allah a kansa. Kafin in shiga sai da na sa wata babba a ƙungiyar, Musulma, ta rantse min a kan haka. Amma abin da aka faɗa a ciki amana ce, na ɗauka."

Nan Bashira ta fashe. Ba da ihu ba, muryarta ma ƙasa ta yi. Ta ce kawunki Muttaka ba mota ce ta kashe shi ba. Ta ba ta labarin hular, da tabon, da a-kori-kurar, da yadda aka hana mahaifiyarsu buɗe likkafani. Shekara ashirin da uku ba ta faɗi maganar nan da bakinta ba, sai ga shi tana fitowa a jere kamar jiya aka yi. Ta ce shi ma taimakon juna ya ce mata, shi ma ya rantse.

Khaulah ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, hawaye na zuba. Ruwa na ta dukan gilashin baranda.

"Da kin gaya min wannan," in ji Khaulah a hankali, "maimakon ki gaya wa Anti Zuhra nawa."

Ta share hawayenta, ta ci gaba.

"Na san fasfona ba ya jaka tun ran Talata. Abba ya ce mu je ofishin jakadanci a yi wani, na ce a'a. In kin ce kada in koma, Umma, ba zan koma ba, zan nemi makaranta a nan. Amma abin ɗakin nan ba zan faɗa ba, ko na koma ko ban koma ba."

Bashira ta daɗe tana kallon ta. Tana neman Muttaka a fuskar, don shi take nema tun ranar da ta ga rigar. Amma Muttaka bai taɓa ce mata ba zan faɗa ba. Shi kowace tambaya yana da amsarta a shirye, mai santsi, har da ƙari, sai ka tashi daga gabansa kana jin kai ne mai laifi. Wannan kuwa da ta ga dama da ta ƙirƙiro mata wani ɗan labari, kyandir ne da waƙa, a wuce wurin, ta karɓi fasfonta. Ta ƙi. Ba hujja ba ce da za a kai gaban alƙali, Bashira ta sani, kuma zargin bai fita daga ranta duka ba. Akwai ɗaki guda a rayuwar 'yarta da ba za ta taɓa leƙawa ba, kuma hakan zai ci gaba da cin ta. Ta tashi, ta ja kujera zuwa kicin, ta hau, ta sauke tukunyar.

Sauran kwanakin suka wuce lami lafiya, irin lafiyar da kowa ke taka ƙasa a hankali. Bashira ta kira Kano ta lallashi tsohuwa. Ta kira Hajiya Zuhra ta yi mata bayanin kuros da tsallaka titi, Hajiya ta ce, "To, Allah ya sa haka ne," da muryar da ke nuna ba ta sayi ko rabi ba. A taron ƙungiya ba wadda ta sake tayar da maganar, ba kuma wadda ta turo 'yarta yi wa Khaulah sallama. Magana zarar bunu ce, Bashira ta sha faɗa wa wasu haka.

Ran Asabar da safe Dakta ya sauka da akwati ya je fito da mota. Bashira ta tsaya da 'yarta a bakin lif, tana cusa mata ƙullin yaji da dambun nama a jakar hannu, tana ta magana don kada shiru ya samu wuri. Ta ce in ta zo hutun Disamba za su je Penang su uku, ta ce za ta ajiye mata kuka mai kyau da za a kawo daga gida.

"Umma," in ji Khaulah, idonta a kan lambobin lif. "Disamba ba zan zo ba. Maman Monique ta ce in je wurinsu."

Hannun Bashira ya tsaya a kan zif ɗin jakar. "Saboda ni?"

"Ba fushi nake ba, wallahi. Zan riƙa kira kullum." Ta karɓi jakar. "Kawai ina so in je inda in na ɗauki jariri ba za a karɓe ba."

Lif ya buɗe. Khaulah ta durƙusa, Bashira ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta kuma sa mata wata. Yarinyar ta shiga, ƙofa ta rufe, lambobi suka fara sauka daga sha huɗu. Bashira ta tsaya tana bin su da ido har suka kai ƙasa. Mako biyu ta yi tana tsoron kada wasu baƙi su raba ta da 'yarta, ga shi da hannunta ta miƙa musu ita.